Henry George da tambayar wa ya kamata ya ci kuɗin fili

Kowane ɗan ƙungiyar nan ya san yadda abin yake faruwa, ko a Maraɗi yake zaune, ko a Kumasi, ko a Garwa. 'Yan kasuwa su sami wani kango a bayan tasha, su kafa rumfunan zana, su sha rana da ƙura shekara da shekaru har masu saye su saba da wurin. Ranar da wurin ya cika ya batse, sai mai fili ya aiko yaronsa da sabon kuɗin haya, ninki biyu ko uku, alhali ko bulo ɗaya bai ɗora ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mukan yi gunaguni mu biya. A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun kawo muku tarihin wani Ba'amurke da ya ƙi yarda cewa haka abin ya kamata ya zama, ya ƙarar da rayuwarsa a kan maganar, har ra'ayinsa ya biyo hannun Turawan mulki ya shigo cikin dokar ƙasa ta Arewacin Najeriya. Sunansa Henry George.

An haife shi ranar 2 ga Satumba 1839 a birnin Filadelfiya, shi ne na biyu cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa ya taɓa sana'ar buga littattafan coci, da cinikin ya ƙi ci sai ya koma aikin akawu a ofishin kwastan na birnin. Yaron bai cika shekara 14 ba ya bar makaranta, kuma bai sake komawa aji ba. A 1855 ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Hindoo a matsayin yaron jirgi, suka je Melbon ta Ostireliya, suka wuce Kalkata ta Indiya, bai dawo gida ba sai bayan wata 14. Da ya dawo ya koyi harhaɗa baƙaƙe a maɗaba'a, wato jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu kafin a buga jarida. Wannan sana'ar ce ta zame masa makaranta, domin mai jera rubutun wasu kullum dole ya karanta shi.

A lokacin nan hankalin samarin Amurka duk yana Kalifoniya, can gaɓar yamma, inda aka gano zinariya a 1848. George ya isa San Faransisko a 1858, ya tarar masu rabo sun riga sun kwashe. Sai ga labarin an ga wata zinariyar a kogin Fraser da ke Kanada. Ya bi ayari, ya dawo ba ko anini, sai wata magana da ta tsaya masa a rai. A cikin jirgin da ya kai su, wani tsohon mai haƙar zinariya ya gaya masa cewa ladan aiki yana da tsoka a Kalifoniya ne don mutane ba su yi yawa ba tukuna, kuma ranar da ƙasar ta cika ta bunƙasa, ladan lebura zai faɗi kamar na sauran wurare. Saurayin ya rasa gane yadda za a yi arzikin ƙasa ya ƙaru, na mai aiki kuma ya ragu.

A Disamba 1861 ya auri Annie Fox, marainiya 'yar shekara 18 da aka haifa a Sidni, ba da son kawunta mai riƙonta ba, wanda ya ga saurayin ba shi da ko sisi. Kayan da angon ya sa ranar auren ma na aro ne. Shekarun da suka biyo baya sun yi masu zafi. Aikin maɗaba'a yau akwai gobe babu, ƙaramar maɗaba'ar da ya buɗe da abokansa ba ta kawo komai ba, Annie ta sayar da 'yan kayan adonta ɗaya bayan ɗaya. A Janairu 1865 ta haifi ɗansu na biyu, babu abinci a gidan. George ya fita titi, ya tare wani mutum mai kyakkyawar shiga da bai taɓa gani ba, ya ce masa yana bukatar dala biyar, matarsa ta haihu kuma ba abin da za ta ci. Mutumin ya ba shi. Bayan shekaru George ya faɗa da bakinsa cewa da mutumin ya hana shi, a halin da yake ciki ranar, yana jin zai iya kashe shi. Ga mutum da sana'a a hannu, ga ƙarfi, ga son aiki, a garin da kuɗi ke yawo kamar ruwa, amma ya kai ga bara. Duk abin da ya rubuta daga baya a kan talauci, mai ɗaki ne yake faɗin inda yake masa yoyo.

Daga jera baƙaƙe ya fara rubuta 'yan sharhi, editoci suka ga yana da alƙalami, zuwa 1867 ya zama babban edita a wata jaridar San Faransisko. Maganar da ke bakin kowa a lokacin ita ce layin dogo da zai haɗa gabashin Amurka da yammacinta. Gwamnati ta ba kamfanonin da ke shimfiɗa shi rance, ta kuma ba su ƙasa kyauta, eka 12,800 a kan kowane mil da suka gina. Ɓangaren Kalifoniya yana hannun mutum huɗu, Stanford da Huntington da Hopkins da Crocker, waɗanda kafin nan 'yan kasuwa ne kamarmu a garin Sakaramento, ɗaya yana sayar da kayan masarufi, biyu kayan ƙarfe, ɗaya yadi. Jama'a na ta murna jirgi zai kawo arziki. A Oktoba 1868, wata bakwai kafin a haɗa layin, George ya buga sharhi yana cewa arzikin zai zo tabbas, amma mai shi za a ƙara wa: masu filaye da manyan kantuna za su haye, wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa zai tarar da fili ya fi ƙarfinsa, haya ta hau, masu neman aiki sun yi yawa. Haka kuwa aka yi.

A ƙarshen wannan shekarar wata ƙaramar jarida ta tura shi Niyok ya nemo mata hanyar samun labarai ta wayar tangaraho. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ƙi karɓar ta. George ya shirya tasa hanyar aiko da labari, sai kamfanin waya na Western Union ya tsawwala masa farashi har jaridar ta mutu. Nan ya koyi abin da duk mai safarar kaya ya sani, cewa wanda ya riƙe hanya guda ɗaya tilo ya riƙe wuyan kowa. A Niyok ɗin kuma ya ga abin da ya fi na San Faransisko muni: gidajen attajirai irin na sarakuna, bayan titi kaɗan kuma yara suna kwana a bakin ƙofa cikin hunturu. Ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai huta ba sai ya gano dalili.

A wannan zaman na Niyok ne kuma ya yi abin da bai kamata mu baƙi mu tsallake ba. A Mayun 1869 ya buga doguwar wasiƙa a jarida yana neman a hana 'yan Sin shigowa Amurka, wai suna karɓar lada kaɗan suna karya darajar aiki, ya haɗa da kalaman raini ga jinsinsu. Alhali su ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsu suka shimfiɗa wancan layin dogo, kuma ko taki ɗaya ba a ba su ba cikin filayen da aka raba. Daga baya ya yarda cewa lissafin tattalin arzikin da ya yi a wasiƙar bai nuna ba, amma bai janye adawarsa da shigowarsu ba, kuma a 1882 Amurka ta kafa dokar hana su shiga. Mutumin da zai zo yana wa'azin cewa ƙasa ta kowane ɗan Adam ce, ya tsaya a bakin iyaka ya ce ban da waɗannan. Dattawanmu da suka ga korar baƙi a Gana a 1969, shekara ɗari cif bayan waccan wasiƙa, lokacin da aka ba mutane mako biyu suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, da waɗanda suka ga Najeriya ta yi irin tata a 1983, sun san ƙarshen irin wannan magana. Laifi tudu ne.

Amsar tambayarsa ta zo masa wajen 1870, yana kan doki a tuddan bayan garin Okland, inda ake sa ran jirgin zai tsaya. Ya tsaya hutawa, ya tambayi wani mai keken shanu nawa ake sayar da fili a wurin. Mutumin ya nuna wasu shanu da ke kiwo can nesa, ya ce akwai wanda zai sayar a dala dubu kowace eka. Daji ne, ba gini, ba rijiya, ba shuka. Me ya sa masa wannan kuɗi? Mutanen da za su zo. Kuma duk wanda ya zo, kafin ya kafa bukka ko ya dasa gatari, sai ya biya mai takardar filin kuɗin izinin yin aiki.

Daga nan ya gina ra'ayinsa, kuma ra'ayi ne da ɗan kasuwa zai gane kafin malamin jami'a. George ya raba dukiya gida biyu. Akwai abin da hannun mutum ya samar: gini, kaya, amfanin gona, dabba, jarin da aka tara da gumi. Wannan na mai shi ne ɗungurungum, kuma a ganinsa ko gwamnati ba ta da haƙƙin ɗora masa haraji. Sai kuma ƙasa, wadda ba wanda ya ƙera ta, ba kuma a ƙara yawanta. Idan atamfa ta yi tsada, masaƙa za ta ƙara saƙawa, fatake za su ƙara shigo da ita, farashi ya sauko. Idan fili a bakin kasuwa ya yi tsada, ba inda za a je a saro wani. Rumfa biyu masu faɗi ɗaya, an gina su da bulo ɗaya da kwano ɗaya, ɗaya a ƙofar kasuwa ɗaya a lungun baya, amma hayar ta farko ta ninka ta biyun sau da yawa. Wannan bambancin ba magini ya gina shi ba. Ƙafafun jama'a ne suka tattaka shi, da titin da aka yi da kuɗin kowa, da tashar mota, da tsaro, da makaranta. Don haka duk ci gaban da gari ya samu, ko na'ura ce, ko jirgi, ko sabuwar hanya, a ƙarshe sai ya gangaro ya taru a kuɗin fili, kamar yadda ruwan sama ke taruwa a kududdufi. Mai aiki da mai jari su yi ta ƙoƙari, mai fili yana kwance yana karɓa. Mafi muni kuma, da mutane suka gane haka sai su sayi filaye su kewaye su ajiye suna jiran tsada, gari ya cika da kangaye a tsakiya, talaka kuma a tura shi bayan gari. Mu da muke zagin mai ɓoye hatsi lokacin bazara, George zai ce mana mai ɓoye fili ya fi shi, don hatsi ana girbe sabo da kaka.

Ya fara bayyana wannan a wata ƙasida a 1871. A shekarar ya kafa tasa jaridar, bashi ya raba shi da ita a 1875. Gwamnan Kalifoniya ya ba shi aikin duba mitocin iskar gas, aiki mara nauyi da ya bar masa lokacin karatu. Ya fara babban littafinsa a Satumba 1877, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta faro tun 1873, ya gama a Maris 1879. Ya sa masa suna Progress and Poverty, wato ci gaba da talauci. Manyan kamfanonin ɗab'i na Niyok suka ƙi shi, suka ce littafin tattalin arziki ba ya sayuwa. Sai wani abokinsa mai maɗaba'a ya jera masa baƙaƙen, shi ma George ya sa hannu, suka buga kofi 500. Da kamfanin Appleton ya ga an rage masa kuɗin aiki sai ya karɓa ya fitar a 1880. Ɗansa ya ƙiyasta cewa zuwa 1905 an buga fiye da kofi miliyan biyu a harsuna daban-daban.

Maganin da ya kawo bai ce a ƙwace filin kowa ba, bai kuma ce a raba ba. Kowa ya riƙe takardarsa, ya sayar, ya bar wa magada. Abin da gwamnati za ta yi shi ne ta ƙiyasta hayar da filin zai kawo a shekara in da babu komai a kansa, ta karɓi kusan dukkanta a matsayin haraji, ta yi wa jama'a aiki da ita, sannan ta soke duk sauran haraji: na gini, na ciniki, na albashi, na shigo da kaya. Shi ya sa aka san mabiyansa da masu haraji guda. Wanda ya gina bene a filinsa ba za a ƙara masa ko kwabo ba, wanda ya bar nasa kango kuma zai biya daidai da maƙwabcinsa mai bene, sai ya gina ko ya sakar wa mai ginawa.

Akwai inda takalmin yake matsi, kuma yana matsar da yawa daga cikinmu. George ya ƙi yarda a biya masu filaye diyya, yana kwatanta su da masu bayi ranar da aka 'yanta bayi. To amma ba kowane mai fili ne Stanford ba. Akwai gwauruwar da ta zuba gadonta a fuloti ɗaya. Akwai ɗan kasuwar da ba shi da fansho, wanda ya ga an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya a Janairu 1994, ya ga abin da ya sami naira da sidi, ya gane fili ne kaɗai asusun da gara ba ta ci. Wannan mutumin da kuɗin guminsa ya saya, bisa dokar da ya tarar. A ce masa daga yau darajar filinsa ta koma baitulmali, ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan George ya yi taurin kai fiye da kima. Ga kuma wahalar raba kuɗin fili da na ginin da ke kansa, ga tambayar wa zai yi ƙiyasin, da ko ba za a ba shi goro ya rage ba. Duk da haka masana da yawa, har da Milton Friedman wanda ba ya ƙaunar haraji ko kaɗan, sun yarda cewa harajin fili shi ne mafi ƙarancin illa, domin ba ya hana kowa aiki, kuma fili ba ya tsallaka iyaka da dare.

Littafin ya fito daidai lokacin da Ayilan ke tafasa. Manoman can 'yan haya ne a gonakin kakanninsu, suna biyan iyayen gida da yawansu ke zaune a Ingila, kuma wanda ya gyara gonarsa sai a ƙara masa haya. Wata jaridar 'yan Ayilan mazauna Niyok ta tura George can a 1881. A Agusta 1882 'yan sanda suka kama shi sau biyu a yankin Galway, suka sake shi, kamun ya ƙara masa suna. Ya zagaya Ingila da Sikotilan yana lacca, zaurukan suna cika. A jami'ar Oksfod a 1884 ɗalibai 'ya'yan masu filaye suka yi masa ihu, masanin tattalin arziki Alfred Marshall ya tashi ya ƙalubalance shi. Karl Marx ma ya raina shi, yana ganin dabara ce ta ceton masu jari. Manoman Ayilan kuwa sun saurare shi sun tafa, amma abin da suke so daban ne: kowa ya mallaki tasa gonar. Shi suka samu a ƙarshe, musamman bayan dokar 1903 da ta ba su rancen sayen gonakin.

A 1886 ɗan akawun kwastan ya fitar da littafin da ya fi shafar sana'armu, Protection or Free Trade, a kan kuɗin fito. Hujjarsa ita ce ciniki ba a yin sa sai kowane ɓangare ya ga riba, don haka hana shi cutar da mutanenka ne. A lokacin yaƙi abokan gaba ne suke toshe maka tashoshi don kada kaya su shigo, to don me gwamnati za ta yi wa jama'arta haka lokacin zaman lafiya? Ya nuna cewa kuɗin fito talaka ne yake biyan sa a ɓoye cikin farashin gishiri da yadi, kuma yana haifar da fasa-ƙwauri da rantsuwar ƙarya da cin hanci. Wanda ya ga yadda shinkafa ta yi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba ya bukatar fassara. Amma George bai tsaya inda muke so ya tsaya ba. Ya ce ko an buɗe iyaka gaba ɗaya, ribar za ta gangara ta koma kuɗin fili a garuruwan da cinikin ya raya, muddin ba a taɓa dokar ƙasa ba. A 1892 wasu 'yan majalisa shida suka raba littafin tsakaninsu suka shigar da shi cikin kundin zaman majalisar Amurka, ta haka aka aika fiye da kofi miliyan ɗaya ga jama'a ba tare da kuɗin kan sarki ba.

A shekarar 1886 ɗin ƙungiyoyin ƙwadago na Niyok suka roƙe shi ya tsaya takarar magajin gari. Ya ce sai ya ga sa hannun mutum 30,000, suka kawo fiye da haka. Ba kuɗi, ba jam'iyya mai ƙarfi, ba wakilai isassu a rumfunan zaɓe, ya sami ƙuri'a 68,110. Abram Hewitt ya ci da 90,552, Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya zo na uku da 60,435. Magoya bayansa sun yi imani an yi masu maguɗi. Wani limamin Katolika mai farin jini, Edward McGlynn, ya goyi bayansa a fili, aka kore shi daga coci a 1887, sai a 1892 aka mayar da shi. Da Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa a 1891 yana kare mallakar ƙasa, George ya mayar masa da amsa mai tsawon littafi, cikin ladabi.

Bugun jini ya fara kama shi a ƙarshen 1890, bayan doguwar tafiyar lacca a Ostireliya. A 1897 aka sake neman ya tsaya takara. Likitoci suka gaya masa zai iya rasa ransa, ya ce ya ji, ya tsaya. Daren 28 ga Oktoba ya yi jawabi a taro huɗu, da asubahin 29 ga wata ya rasu a masaukinsa, saura kwana huɗu zaɓe, yana da shekara 58. An ƙiyasta mutum 100,000 suka bi layi suka wuce ta gaban gawarsa, kuma McGlynn da wani malamin Yahudawa da limaman Furotesta duk sun yi jawabi a wurin. Bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba.

Ra'ayin ya ci gaba da tafiya bayansa. Tolstoy na Rasha ya rungume shi, Sun Yat-sen na Sin ya sa shi cikin manufofinsa. A Ingila kasafin Lloyd George na 1909 ya ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan ƙarin darajar fili, majalisar dattawan masu filaye ta yi watsi da shi, rigimar ta kai ga rage mata iko a 1911, harajin kansa kuma aka soke shi a 1920. Wata mabiyarsa, Lizzie Magie, ta ƙirƙiro wasan allo don nuna yadda mai fili ke tsotse 'yan haya. Shi ne ya rikiɗe ya zama Monopoly, wanda yara ke bugawa yau suna murnar talauta juna. Dala 500 aka biya ta.

Sai kuma ƙasar Hausa. A 1907 aka naɗa Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, ya gaji Lugga a mulkin Arewacin Najeriya. Shi ya ɗauko aikin dogo daga Baro zuwa Kano, kuma ya san abin da dogo yake yi wa farashin fili. Ra'ayin George ya shige shi, haka ma Charles Temple, ɗaya daga cikin manyan razdanoninsa. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan kan filayen Arewa, cikinsa har da ɗan majalisa Josiah Wedgwood, riƙaƙƙen mabiyin George. Sakamakon shi ne dokar 1910, wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, ba mai mallaka sai dai izinin zama, kuma za a riƙa sake duba kuɗin haya a kai a kai don ƙarin daraja ya koma baitulmali.

Dokar ta yi amfani ta wani gefen. Ta taimaka wajen hana kamfanonin Turawa saye ƙasar su yi manyan gandaye, don haka da jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta tsaya a hannun ƙananan manoma, fataken goro irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta. Shi kansa Girouard da aka mayar da shi Kenya a 1909, a zamaninsa aka tashi Masai daga makiyayarsu ta Laikipia don Turawa 'yan kama-wuri-zauna, rigimar da ta kai shi ga ajiye aiki a 1912. Ta wani gefen kuma an gina dokar a kan da'awar cewa Bahaushe bai san mallakar gona ba, alhali a karkarar Kano ana gado, ana aro, ana jingina, ana saye da sayarwa tun kafin zuwansu. Da Lugga ya dawo a 1912 bai yarda a karɓi hayar gona daga manoma ba, sai wancan ɓangaren ya mutu. Ba a soke harajin kai ba, ba a soke jangali ba, ba a soke kuɗin fito ba. Abin da ya rage shi ne ikon gwamna, da bambanci tsakanin ɗan ƙasa da baƙo wajen samun fili. George ya yi dogon bayani a kan haƙƙin jama'a, amma bai tsaya sosai a kan wanda zai riƙe wa jama'a amanar ba, kuma a nan gizo yake saƙar.

An sabunta dokar a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta sake ta a 1962, sannan ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa irinta a kan Najeriya baki ɗaya. Shi ya sa 'yan'uwanmu da ke da fili a Kano ko Katsina ko Legas takardar izinin zama ce a akwatinsu, galibi ta shekara 99, kuma ba sa sayarwa ko jinginarwa a banki sai da amincewar gwamna. Idan aka karɓe fili don aikin jama'a, ginin da ke kai da shukar da ke ciki da rijiyar da aka haƙa su ake biya wa diyya. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, sai dai a mayar wa mutum hayar da ya biya ta wannan shekarar. An kuma saka dokar cikin tsarin mulkin 1979 da na 1999, don haka ba a taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.